Benen Kwalin da Kaka Ya Bari

Daga Allah muke, kuma Kaka ya riga mu komawa gare Shi. Da hantsi ya cika, kafin la'asar mun kai shi makwancinsa, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida aka fara karɓar gaisuwa.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin nasa ba. Mutum zai zo ya durƙusa, a yi addu'a a shafa, ya ce Allah Ya jiƙan Malam, sai ka ga hannunsa ya tafi da kansa ya dafa wani wuri a jikinsa. Wani ƙeya, wani kafaɗa, wani ƙwauri. Da liman ya ce duk wanda mamaci ya taɓa ɓata wa ya yafe masa, wani dattijo a baya ya ce to sai dai a aika Baure da Mai'adua a yi shela, don mutanen cikin gari kaɗai ba su ne suka sha hannunsa ba. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, Baffa, babban ɗan mamacin, ya ɗaure fuska. Mai tsiren bakin tasha shi bai yi dariya ba. Kuka yake yi har rigarsa ta jiƙe, alhali kunnensa na hagu da yake a tsage tun ina saurayi, Kaka ne ya tsaga shi.

Ni jikansa ne, ɗan ɗansa na biyu. Tela ne ni, kuma shagona ya yi shekara da shekaru yana kallon nasa, titi kawai ya raba mu. Ina ce masa tsoho mai ran ƙarfe, yana ce wa matata amaryarsa, wai aro ya ba ni. Wasan jika da kaka ne kaɗai ya sa nake iya faɗa masa abin da 'ya'yansa ba sa iya faɗa, kuma ko ni sai na tsaya inda dorinarsa ba ta kaiwa.

Washegarin rasuwar Gwaggo ta shiga share ɗakinsa, ta fito da wani tsohon kwali mai hawa-hawa, duk ya sha ɗinki da faci, da baƙin tabo a gefe guda. Baffa ya ce a ajiye shi a zaure, in an yi addu'ar uku a haɗa shi da tsummokara a ƙona. Na ce ba za a ƙona ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce yaushe jika ya fara raba kayan mamaci 'ya'ya suna zaune. Na haɗiye maganata, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Baffa yana aiki a Kano lokacin da aka yi abin da aka yi, labari kawai ya ji, kuma bai taɓa son a tayar da shi ba. Ni kuwa ina wurin ranar da ran mutum ya rataya a kan kwalin nan. In aka ƙone shi, abin da zai saura na Kaka a bakin mutane shi ne duka, shi ya sa nake wannan rubutu.

Ba zan ɓoye dukan ba, don akwai shi. Kaka mai rubuta wa mutane takardu ne. Yana da tafireta da teburi a wani ɗan shago a hanyar kotu, yana buga takardar ƙara da ta rantsuwa da wasiƙar wanda bai iya rubutu ba. Dogo ne, mai faɗin tafin hannu, kuma dorina ba ta barin ƙarƙashin teburinsa. Za ka iya zaginsa ya kau da kai. Za ka iya cin bashinsa ya manta. Abu guda ne yake mayar da shi wani mutum daban: ya ga takarda mai sunan Allah a ƙasa. Duk inda yake tafiya idonsa na ƙasa, in ya hangi rubutun Larabci sai ya sunkuya ya ɗauka, ya karkaɗe, ya sa a aljihun gaba. Maganarsa da yaro da babba suka haddace ita ce, "Ɗaga ƙafarka." Wanda ya ɗaga ya tsira. Wanda ya tsaya tambayar dalili, dorina ce take ba shi amsa.

Mahaifina da gemunsa da 'ya'yansa ya sha ta a gabanmu, saboda ya shimfiɗa tsohuwar kalanda ya durƙusa a kai yana gyaran keke. Mai tsire kuwa nasa ya fi muni. Kaka ya aiki a sayo masa nama, aka kawo a naɗe cikin takardar gayyatar ɗaurin aure, ga bisimilla a sama ta jiƙe da mai da yaji. Ko takalmi bai sa ba ya nufi tasha. Ya shure tukubar, tsinken nama suka watse cikin toka, ya kama mutumin ya yi ta zuba masa dorina har bakinta ya kama kunne ya tsaga shi. Jini ya wanke masa wuya. Sai da mutum huɗu suka rirriƙe Kaka. Da yamma shi ya kai shi asibiti aka ɗinke, ya saya masa damin takarda fara ta naɗin nama, amma haƙuri dai bai ba shi ba. Mutane da yawa a lokacin yaba masa suka yi, suna cewa haka ake son kishin addini. Ni tsoronsa na ji, kuma na faɗa masa. Ya ce in je in ji da allurata.

Da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jiharmu, sai takardu masu bisimilla suka yi yawa yadda bai taɓa gani ba. Katin biki, sanarwar wa'azi, rasit na kanti, fastar 'yan siyasa, kowa sai ya ɗora sunan Allah a saman takardarsa, in ta gama amfani kuma a yar. Kaka yana tsinta. Marayu yake kiran su, wai tun da ba su da mai su. Aljihu ya kasa, sai teburi. Ga kuma aiki ya ƙaru, don mutanen ƙauye sun taso da ƙararrakin gona da na gado. Teburin ya zama tsibi, tafiretar ma sai an tona ake ganin ta. Ba ya yarda kowa ya taɓa, ba ya yarda a ɗora komai a kai, shi kansa ba ya iya gane aikin jiya da na makon jiya.

Wata tsohuwa daga Baure ce ta kawo ƙarshen abin. Ya buga mata takarda kan gonar mijinta da ya rasu, ta zo karɓa aka rasa. Ta koma, ta sake biyan mota ta dawo, aka sake rasa, ranar zamanta a kotu ta wuce. Ta tsaya a bakin shagon ta wanke shi tas, ta ce masa tsohon banza mai tara shara. Ina kallo daga shagona. Ya ɗaga hannu zai kifar da teburin, sai ya tuna abin da ke kai, hannun ya tsaya a sama. A duk Daura teburin nan ne kaɗai abin da Kaka ba ya iya duka. Sai ya juya kan kujerarsa, ya yi ta maka ta da bango har ta zama itacen girki.

A nan maƙwabcinsa ya shigo. Ibo ne, Kirista, mai sayar da kayan gyaran mota da babur, bango ɗaya ya raba shagonsa da na Kaka. Ya daɗe a garin, Hausa a bakinsa kamar tamu, 'ya'yansa a nan aka haife su. Ba shiri suke yi ba. Kaka ya taɓa bin sa da dorina har tsakiyar titi saboda baƙin mai ya gangaro ƙofar shagonsa. Amma ranar da kujera ta mutu, da la'asar sai ga shi da kwalaye a rungume, na batir da na fulogi da wasu masu kauri. Ya tsaya nesa kaɗan, ya ce, "Baba, ni haka nake raba ƙananan kaya a shagona. Kowane da ɗakinsa. In ka yarda mu yi wa takardun nan gida."

Kaka ya harare shi, ya harari kwalayen, ya ce in kawo tef ɗina na awo.

Mu uku muka yi aikin, kuma faɗa ya fi aikin yawa. Maƙwabcin yana yanka da aska, yana zaftare gaban kowane kwali a karkace yadda hannu zai shiga ya fita ba tare da takarda ta lanƙwashe ba. Kaka ya ƙi gam na kanti, ya ce bai san da me aka yi shi ba. Ƙaro ya jiƙa a kasko ya kwana, ya zuba ruwan ganyen darbejiya a ciki saboda gara. Aka shafa, aka ɗora kwali kan kwali, aka danne da duwatsu a rana. Kusurwoyin da basilla da zaren buhu aka ɗinke su, ni kuma na bi bakunan da ragowar ƙyallen shadda don kada su yanki hannu. Hawan ƙasa na farar takarda da takardar kabon ta yin kwafi. Na bisansa na aikin da ke jira. Na gaba na aikin da aka gama, an raba shi da siraran kwalaye, mutanen cikin gari daban, na yankin Baure daban, na Mai'adua daban. A gefe aka ɗaura gwangwanin madara na biro da kan sarki.

Gidan marayun ne ya kusa raba mu. Su suka fi yawa, don haka kwalinsu ya fi kowane girma, maƙwabcin ya ce ai babba shi ake sa wa a ƙasa, ko gini haka ake yi. Kaka ya miƙe tsaye. Ya tambaye shi ko sunan Allah yake so a sa a ƙasa a ɗora ƙarar gona a kai. Na ga idonsa ya fara neman ƙarƙashin teburi, na yi maza na shiga tsakani. Haka aka ɗora babban kwalin a can sama da murfinsa, abin ya fito kai ya fi gindi, ana sakin sa ya tafi zai kife. Kaka ya tare shi da ƙirji. Maƙwabcin ya shiga shagonsa ya ɗauko wani faifan ƙarfe na birkin mota, mai nauyi, muka ɗinke shi a gindi. Ya tsaya cak. Kaka ya zagaya shi, ya ce wannan ai bene ne, na sama kuma soro. Sunan ya bi shi. Ko hularsa bai taɓa ɗorawa a kan murfin soron ba. In ya cika, sai ya kwashe ya kai gonarsa ya haƙa wuri mai tsabta ya binne.

A ranar muka ga katakon teburin Kaka, har da wata takardar da aka nema tun bara. Ta tsohuwar Baure ma ta fito, ya hau mota da kansa ya kai mata, ya sake buga mata wata kyauta.

Daga nan maƙwabcin ya kamu da ciwon Kaka. Shi ma ya koma tafiya ido a ƙasa. Matsalar ita ce bai iya karanta Larabci ba, don haka duk abin da ya ga an yi masa rubutun da ke tafiya daga dama, ɗauka yake. Kayan da ake shigowa da su ta Mai'adua kuwa rabinsu da Larabci a jiki. Sai ga shi da ledar taliya, da kwalin dabino, da takardar sabulu, ya karkaɗe ya kawo, ya ce, "Baba, ga maraya." Ranar farko na buɗe baki zan yi dariya, Kaka ya yi mini wani kallo da ya sa na haɗiye ta. Ya miƙa hannu biyu ya karɓi ledar taliyar, ya buɗe murfi ya sa a soro, ya ce Allah Ya yi albarka. Sai bayan mutumin ya tafi yake zare ta. Na tambaye shi me zai hana ya gaya masa. Ya ce in ya gaya masa zai fara zaɓe, wanda bai iya karatu ba kuwa in ya fara zaɓe wata rana na gaskiyar zai bari a ƙasa. Ya ce kuma mutum ya sunkuya domin Ubangijinka, kai ne za ka ba shi kunya?

Abin ya faru da damina, ranar kasuwa, bayan azahar. An yi ruwa da safe, kwata ta cika ta kwaso sharar unguwa. Maƙwabcin ya hangi wata takarda tana yawo a ciki, sanarwar wa'azi ce, da aya a samanta. Ya durƙusa ya zura hannu cikin baƙin ruwan ya ciro ta, ya yarfe, ya shiga goge ta a jikin wandonsa. Wani ɗan acaɓa, baƙo a garin, ya zo wucewa. Abin da ya gani shi ne Kirista a bakin kwata, da aya a hannu tana ɗigar ƙazanta, yana murza ta a cinya. Ya yar da babur ya kurma ihu cewa arne ya jefa Alƙur'ani a kwata.

Kafin in zare ƙafata daga keken ɗinki titi ya cika. 'Yan kasuwa, 'yan tasha, masu wucewa, yawancinsu ba su san shi ba, wasu kuma sun san shi sarai, har bashin fulogi yana bin su. Ya ɗaga takardar sama yana cewa Baba zai kai wa, ba wanda ya ji. Dutse na farko a baki ya same shi. Na biyu a goshi. Ya faɗi, suka rufe shi da sanduna da ƙafafu. Na kutsa ina cewa ku tsaya, ku tambaya, wani ya juyo ya maka mini itace a fuska, haƙorina na gaba a nan na bar shi. Daga ƙasa nake ganin sauran, ta tsakanin ƙafafun mutane. Na ji ƙarar ƙashin ƙafarsa lokacin da aka sauke masa bulo. Wasu sun fasa shagonsa suna jidar kaya. Wani ya gangaro da taya.

Kaka ya fito da dorina. Tsoho ne a lokacin, amma ya shiga cikinsu yana zabga ta hagu da dama, yana kiran waɗanda ya sani da sunan ubanninsu. Ya buɗe hanya har ya kai kan mutumin. A da, ganin dorinar nan kaɗai yana watsa taro. Ranar ba ta yi komai ba. Wani ya fizge ta, wani ya ce ai Malam kai ka fi kowa sanin hukuncin wannan, ka matsa. Sai wani dutse da aka jefo daga baya ya same shi a idon dama. Na ga ya dafe wurin, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa. Ya juya yana tangaɗi ya koma shagonsa. Na ce a raina shi ke nan, an gama.

Aka rataya wa maƙwabcin taya. Wani ya karɓo galan daga wurin mai sayar da fetur a bakin titi, ya tuttula masa tun daga kai. Warin ya cika wurin. Mutumin ya daina ihu, numfashi kawai yake yi, takardar nan tana dunƙule a hannunsa. Aka shiga neman ashana.

Sai ga Kaka ya dawo. Ya ɓalle soron daga jikin benen da hannu, zaren buhun yana reto, ya rungumo shi a ƙirji, rabin fuskarsa jini. Saboda ruwan sama ya kwana biyu bai je gona ba, soron a cike yake maƙil. Mutane suka buɗa masa, ina jin sun ɗauka wani abin ya kawo da za a ƙara wa wutar. Ya tsaya a kan maƙwabcinsa, ya cire murfin, ya kifar.

Mutumin da ya tsaga kunne saboda takarda ɗaya, shi ya zazzage ɗaruruwa a ƙasa da hannunsa. Suka rufe wanda ke kwance tun daga fuska har ƙafa, suka manne da fetur da jini da laka. Bisimilla ta ko'ina, ayoyi, sunayen Allah, katin biki, sanarwar jana'iza. Kaka ya zauna daɓas a gefensa cikin fetur ɗin, ya ɗora hannu a ƙirjinsa. Bai ɗaga murya ba.

"Ga su nan," ya ce. "Rabinsu shi ya tsince su daga ƙarƙashin ƙafafunku. Mai ashana ya ƙyasta. Mai dutse ya jefa, in ga wanda zai fara."

Wanda ke riƙe da ashanar yaro ne matashi, ya tsaya da ita a hannu bai ƙyasta ba. Ba wanda ya matsa gaba, don duk inda mutum zai sa ƙafa akwai rubutu. Ba wanda kuma ya ja baya. Aka tsaya haka ana huci. Sai iska ta taso, ta ɗebi waɗanda ba su jiƙe ba ta watsa su cikin taron, wasu suka nufi kwata.

Mai tsire ne ya fara sunkuyawa. Yana cikin taron, ban san da me ya zo ba, ban kuma taɓa tambayarsa ba. Wata takarda ta sauka a kan ƙafarsa, ya ɗauka ya karkaɗe, ya ce wa na kusa da shi, "Ɗaga ƙafarka." Wancan ya ɗaga, ya sunkuya shi ma. Abin da aka koya mana tun muna yara ne, jiki ne yake yi kafin tunani. Hannun da zai ɗauki takarda kuwa sai ya saki abin da yake riƙe da shi. Na ji duwatsu suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka bi waɗanda iska ta kwasa da gudu kada su faɗa ruwa. Kafin motar 'yan sanda ta iso, mutanen da suka zo ƙona mutum suna tsaye da takardu a hannu, sun rasa inda za su ajiye su. Kaka ya tura musu kwalin da ƙafa, suka riƙa zuwa suna sakawa, ba mai kallon idon wani.

Maƙwabcin ya rayu. Ya daɗe a asibiti, ƙafar ba ta koma daidai ba, shago kuma babu abin da aka bari a ciki. Da ya iya tafiya da sanda ya kwashe iyalinsa suka koma kudu. Idon Kaka na dama bai sake gani ba. Ni na sa haƙorin roba, yana ce mini mai bakin aro har ya mutu.

Kada wani ya ɗauka gari ya taru ya yaba masa. Wasu sun daina gaishe shi. Wasu suka ce ya wulaƙanta sunan Allah saboda wanda ba ya salla, aiki ya ragu a shagonsa. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne shi ma bai wanke kansa ba. Ya kwashi takardun ya kai su gona ya binne su da jininsu, na raka shi, ya durƙusa a bakin ramin yana kuka kamar yaro, yana neman gafara. Ya yi azumi a kan abin ba sau ɗaya ba. Na ce masa tsoho, ai rai ka ceta. Ya ce ya sani, kuma in an sake zai sake, amma wannan bai hana cewa shi ya zubar da su ba. A hanyarmu ta dawowa ya faɗi maganar da ban taɓa mantawa ba. Ya ce yaran nan ba daga sama suka faɗo ba. Ya ce, "A gabansu na tsaga kunnen mutum a kan takarda, aka tafa mini. Ni na koya masu."

Zan so in ce daga ranar ya ajiye duka, amma ƙarya zan yi. Ya sayi wata dorinar. Sai dai da ido ɗaya saiti ya lalace, ya kai wa wannan ya sami wancan, yara suka gane su riƙa tsayawa ta damansa. Abin da na lura shi ne bai sake dukan kowa a kan takarda ba. In ya ga an taka, sai ya ce a ɗaga ƙafa, ya sunkuya da kansa. Soron kuma ya mayar da shi kan benen, ya ɗinke da basilla, ɗinki mummuna, ya hana ni gyarawa. Tabon da ke gefe bai yarda a rufe shi da ƙyalle ba. Ko da masu kwamfuta suka kashe kasuwar tafireta ya rufe shago, benen ya bi shi gida, yana kusa da shimfiɗarsa har ranar da ya cika.

Ranar addu'ar uku, an gama, an shafa, ana rabon waina, Baffa ya sa a fito da tsummokaran a kai bayan gida. Benen yana zaure yana jiran nasa. Ina zaune ina tafasa, na rasa ta inda zan sake tayar da maganar. Sai wani babur ya tsaya, aka sauke wani tsoho mai furfura da sandar ƙarfe, yana jan ƙafa. Wani ɗan'uwansa da ke da shago a garin ne ya buga masa waya, ya kwana a mota. Matasa ba su san shi ba. Dattawa suka gane maƙwabcin Kaka ne, na ga wasu sun sunkuyar da kai suna wasa da bakin tabarma. Mai tsire ya tashi ya kama hannunsa ya zaunar da shi.

Ya yi gaisuwa yadda ake yi, Hausarsa ba ta tafi ko'ina ba. Ya ce wa Baffa ya haƙuri, ya ce Allah Ya jiƙan Baba. Sai ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro hankici a ninke, ya warware a hankali.

"A tasha na gan shi da na sauka, ana takawa," ya ce. "Ban san wa zan ba ba yanzu. Benen yana nan?"

Baffa ya dubi abin da ke cikin hankicin, ya dubi ƙafar mutumin, ya daɗe. Sannan ya juyo gare ni, ya ce in shiga zaure in ɗauko, in kuma riƙe shi da kyau.

Na kawo na ajiye a tsakiyar tabarma, faifan birkin yana nan a gindi, ya tsaya cak. Allah Ya gafarta wa Kaka dukan da ya yi, Ya karɓi wanda ya hana, Ya haskaka masa kabari fiye da idon da ya bayar. Tsohon ya miƙo mini abin da ya tsinto. Takardar biskit ce, an rubuta fulawa da sukari da Larabci. Na miƙa hannu biyu na karɓa, na buɗe murfin soron na sa a ciki, na ce masa Allah Ya yi albarka.